Wa ke tsara shekarar gidan zane-zane, kuma me ya sa wata uku kacal?

Tambaya

Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin zane ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Nakan duba jadawalin manyan gidajen adana zane-zane na Turai da Amurka in ga abin da suka shirya nunawa a shekara. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, a farkon shekara sai su baje aikin mutumin da ya mutu shekara 300 da suka wuce, a tsakiya masu fenti na baya-bayan nan, daga nan kuma sai hotunan kyamara. Wa ke yanke wannan shawara, kuma da wane ma'auni? Me ya sa kowane baje koli ba ya wuce wata uku ko huɗu, alhali an ce shekaru ake yi ana shirya shi? Shin hoton kyamara ya kai a jera shi da aikin hannu? Kuma tunda duk muna iya ganinsu a waya, me ke kai mutane bin layi? Ina tambaya ne domin ina so in shirya wa ɗalibaina ɗan ƙaramin baje koli a ƙarshen zango.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya yi wa aikinka albarka, ya sa ɗaliban su amfana.

A takarda, shugaban gidan ne da ƙwararrun da ke kula da kowane sashe suke zama su tsara shekara, kwamitin amintattu ya sa hannu. Amma in ka bi diddigi, za ka tarar son ransu bai taka wata babbar rawa ba. Wanda ya fi kowa iko da jadawalin nan shi ne mai kayan da za a aro, wanda sau da yawa yana wata ƙasa can, kuma bai san ma an yi zaman ba. Babban baje koli kusan dukansa kayan aro ne. In ka riƙe wannan, sauran tambayoyinka za su warware da kansu. Zan ɗauki shekarar 2023 in yi maka bayani da ita, domin duk abubuwan da ka lissafa sun haɗu a cikinta.

Abin da aka fi magana a kansa a waccan shekara shi ne baje kolin Johannes Vermeer a Rijksmuseum da ke Amsterdam, ƙasar Holan, daga 10 ga Fabrairu zuwa 4 ga Yuni. Vermeer mutumin garin Delft ne. An haife shi a 1632, ya mutu a 1675 yana da shekara 43, ya bar mata da 'ya'ya 11 da tulin bashi, har mai gasa burodin garin sai da ya karɓi zanensa biyu jingina saboda bashin burodi. Ba shi da saurin hannu. Abin da ya rage na aikinsa a duniya bai wuce 37 ba, wasu masanan ma suna tsayawa a 34 ko 35. Bayan mutuwarsa an kusa mantawa da shi a wajen ƙasarsa, sai a 1866 wani marubuci Bafaranshe, Théophile Thoré, ya sake tono sunansa. To, a cikin waɗannan 37 ɗin, Rijksmuseum ya tara 28 a ƙarƙashin rufi ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba. Nasa na kansa guda huɗu ne kawai. Ragowar 24 sai da ya je ya roƙa.

Me ya sa 2023, ba 2020 ko 2030 ba? Ba ta yi daidai da cikar wasu shekaru na haihuwarsa ko mutuwarsa ba. Dalilin yana birnin New York. Akwai wani gida a can da ake kira Frick Collection, tsohon gidan wani attajirin ƙarfe da gawayi, Henry Clay Frick, wanda ya mutu a 1919. Zanen Vermeer uku ke cikinsa, kuma ƙa'idar gidan ita ce abin da shi mai gidan ya saya ya bari ba ya fita yawon aro. Sai aka rufe ginin domin babban gyara, dole aka kwashe kayan daga bangonsu. Wannan 'yar kafa ita mutanen Amsterdam suka hango, suka san in ta toshe ba lallai ta sake buɗewa a zamaninsu ba. Da suka samu alkawarin ukun nan, sai roƙon sauran ya yi sauƙi, domin babu gidan da ke son a ce an yi taron da ba za a sake ba kuma ba shi a ciki. Ka ga ke nan, aikin magina a wata nahiya shi ya zaɓa wa Holan shekararta.

Irin wannan ya sake faruwa a Landan a ƙarshen shekarar. Gidan National Gallery ya buɗe baje kolin Frans Hals, wani gwanin zanen fuska na Holan, a ƙarshen Satumba. Shahararren zanensa na 1624, na wani saurayi mai murɗaɗɗen gashin baki da murmushin ƙasaita, yana gidan Wallace Collection a cikin Landan ɗin, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Amma fiye da shekara 100 bai taɓa fita aro ba, saboda yadda aka fassara wasiyyar matar da ta bar wa ƙasa kayan a 1897. Sai a 2019 aka sake duba wasiyyar aka yarda gidan ya fara ba da aro.

Ba a biyan kuɗin haya a mafi yawan aron da ke tsakanin manyan gidajen. Abin kamar gudummawar biki yake a tsakanin mata: wadda ta kawo miki yau ta rubuta, ranar nata sai kin kai. Shi ya sa gidan da ba shi da abin da wasu ke kwaɗayi yake shan wuyar samun aro, komai kyan shawarar da ya zo da ita. Wannan na cikin dalilan da ke sa manyan baje kolin suke ta zagaye tsakanin Paris da Landan da New York da Amsterdam da Madrid, ba don sauran duniya ba ta da masu kallo ba.

Duk da haka akwai tara da ba su zo Amsterdam ba, kuma labarinsu ya fi koyar da mutum. Ɗaya an sace shi tun 18 ga Maris 1990 daga gidan Isabella Stewart Gardner a Boston, har yau ba a gan shi ba. Babban zanen nan na mai zane a ɗakin aikinsa, wanda ke Vienna, masu shi sun ƙi sakinsa. Wani na gidan Louvre da ke Paris ya riga ya tafi aro Abu Dhabi. Gidan Metropolitan na New York yana da biyar, biyu ya aiko, sauran ko dai sun yi rauni ko sharaɗin wanda ya ba da su kyauta ya hana su fita. Ita kanta yarinyar nan mai ɗan kunnen lu'ulu'u, wadda aka fi sani a duk aikinsa, ba ta zauna har ƙarshe ba. A ƙarshen Maris gidan Mauritshuis da ke birnin Hague na Holan ya karɓi abarsa, domin lokacin baƙi masu yawon buɗe ido ya kama, kuma yawancinsu dominta suke zuwa. Wanda ya je a watan Afrilu ko Mayu 27 ya gani.

Nan amsar tambayarka ta wata uku ta fara fitowa. Mai kaya ba ya son bangonsa ya daɗe babu kowa. Amma akwai abin da ya fi wannan, shi ne lafiyar kayan. Tsohon zanen da aka yi a kan allon katako yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, fentin da ke kansa kuma ba ya iya bin sa, sai ya tsage. Saboda haka ake riƙe ɗakunan a zafin kusan digiri 20 da danshin iska kusan kashi 50 cikin ɗari, dare da rana, rani da damina. In zane zai yi tafiya, ana ƙera masa akwati nasa na kansa mai ruɓi biyu, a rubuta rahoton duk wata tsaga da tabo da ke jikinsa kafin a rufe, sannan ma'aikacin gidan da ya ba da aron ya raka shi a mota da jirgi, ido a kansa. In an isa ba a buɗe akwatin nan take, sai ya kwana a ɗakin, iskar ciki da ta waje sun daidaita. Ba a kuma loda masu daraja da yawa a jirgi ɗaya. Wasu kayan an daina motsa su gaba ɗaya. Mona Lisa, wadda aka zana a kan siririn katako, rabonta da barin Faransa tun 1974 da ta je Tokyo da Mosko. Ko a 2019 da Louvre ya yi babban baje kolin Leonardo da Vinci na cikar shekara 500 da mutuwarsa, ba a shigar da ita ɗakunan baje kolin ba, alhali duk a gini ɗaya suke.

Sai inshora. Darajar zane 28 na Vermeer ta wuce abin da wani gida zai iya biya wa kamfanin inshora daga aljihunsa. Abin da ke ceton lamarin shi ne gwamnatoci da dama sun ɗauki lamunin kayan aro: in wani abu ya lalace, baitulmali zai biya. Amurka ta kafa dokarta a 1975, Birtaniya a 1980, Holan ma tana da nata tsarin. Lamunin yana da iyaka ta kuɗi da ta lokaci, kuma duk kwanan da aka ƙara hatsari aka ƙara. A 'yan shekarun nan fargabar masu kaya ta ƙaru, tun da masu zanga-zangar sauyin yanayi suka fara kai hari gidajen zane. A Oktoban 2022 sun watsa wa zanen furanni na Van Gogh miyar tumatir a Landan, kuma a watan ne wani ya manna kansa a gilashin yarinya mai ɗan kunne a Hague. Gilashi ya kare zanen duka biyu, amma wanda za ka roƙa aro bayan wata biyu ya ga labarin.

Babban abokin gaba kuwa shi ne haske, kuma shi ne ya fi shafar takarda da hoto. Ɓarnar haske taruwa take yi, ba ta gyaruwa: launin da ya koɗe ya koɗe ke nan. Ana auna hasken da ma'aunin da ake kira lux. Zanen fentin mai yana jure kusan lux 200. Zanen fensir ko tawada a takarda, da fentin ruwa, da yadi, da tsofaffin hotuna, ba a so su wuce lux 50, wato ɗaki mai duhu-duhu wanda sai ido ya saba. Ko a hakan ma, al'adar gidaje da yawa ita ce a nuna su wata uku, a mayar da su cikin akwati su huta na shekaru. Zomon da Albrecht Dürer ya zana a 1502, wanda ke gidan Albertina a Vienna, yawancin lokaci kwafinsa baƙi ke gani, na ainihin sai jefi-jefi. Zanen nan na Leonardo na mutum a cikin da'ira da murabba'i sai da aka je kotu a Italiya a 2019 kafin a bar shi ya tafi Paris, kuma kusan wata biyu kawai aka ba shi. Saboda haka in ka ga baje kolin hotuna ko zanen takarda ya zo ya wuce da sauri, ba rowa ba ce. Agogon kayan ne ke bugawa.

Game da cakuɗa tsoho da sabo da hoto a shekara ɗaya, kuɗi yana da baki a ciki, kuma babu amfanin a ɓoye. A Birtaniya, shiga manyan gidajen gwamnati kyauta ne tun Disamban 2001, amma baje koli na musamman da tikiti ake shiga. Saboda haka kowace shekara tana bukatar suna ɗaya ko biyu da za su cika akwatin kuɗi, su ɗauki nauyin sauran. An gano ƙarfin wannan tun 1972, lokacin da mutum sama da miliyan ɗaya da rabi suka je British Museum kallon kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun. Tikitin Vermeer ya ƙare cikin 'yan kwanaki da buɗewa, gidan ya riƙa ƙara awanni har cikin dare, a ƙarshe mutum kusan 650,000 suka gani, adadin da bai taɓa samu a wani baje koli ba. Ana sa irin waɗannan a bazara ko kaka, ƙananan kuma su cike tsakani. Masu zuwa kallon tsofaffin gwanaye galibi manya ne, matasa sun fi zuwa hoto da aikin masu rai, kuma gidan da gwamnati ke ba kuɗi dole ya nuna cewa kowa ya samu rabonsa.

Wata dabarar ita ce haɗa gwiwa. Gidan Orsay na Paris da Metropolitan sun shirya baje kolin Édouard Manet da Edgar Degas tare, abokai biyu masu kishin juna na ƙarni na 19. Ya yi Paris daga ƙarshen Maris zuwa Yuli, ya koma New York daga Satumba zuwa farkon Janairun 2024. Kuɗin akwatuna da jigila da littafin baje kolin an raba, kuma kowane gida ya zuba nasa kayan a tukunya ɗaya. Da wannan ne zanen Olympia na Manet, wanda ya tayar da ƙura a Paris a 1865, ya taka ƙasar Amurka karon farko. Shi ma Frans Hals daga Landan Amsterdam ya nufa, daga nan Berlin.

Akwai kuma shekarun tunawa, waɗanda ni ba su cika burge ni ba. A 2023 Pablo Picasso ya cika shekara 50 da mutuwa, gwamnatocin Faransa da Sifaniya suka haɗu aka shirya baje koli kusan 50 a ƙasashe daban-daban. Mutumin ya bar dubban ayyuka, don haka aro ba wuya, amma sabon abin da aka koya bai kai yawan taron ba. Kalanda ce ta kira, ba tambaya ba.

Tambayar ita ce ma'aunin da nake auna baje koli da shi, kuma shi zan ba ka shawarar ka riƙe. Me aka gano da aka tara kayan nan wuri ɗaya wanda ba za a gano ba suna warwatse? A wajen Vermeer an samu amsa. Kafin buɗewa an haska zanen macen nan mai zuba madara da na'urori, aka ga a ƙarƙashin farin bangon da ke bayanta akwai maratayin tuluna da ya fara zanawa, a ƙasa kuma akwai kwandon wuta, duk ya shafe su da fenti. An kuma ga layukan farko da ya ja cikin sauri da baƙin fenti. Da, ana ɗaukarsa mutum ne mai ɗiga fenti a hankali tun daga farko har ƙarshe. Ashe da gaggawa yake farawa, sannan ya yi ta ragewa har ɗakin ya yi shiru. Wannan darasi ne da za ka iya kai wa ɗalibanka gobe. An kuma yi gardama a fili: a Oktoban 2022 gidan National Gallery of Art na Washington ya sanar cewa ƙaramin zanensa na yarinya mai sarewa ba hannun Vermeer ba ne, na wani ne da ya yi aiki kusa da shi. Ya aiko da shi aro, Rijksmuseum kuma ya rataye shi da sunan Vermeer ɗin, ya ce bai gamsu ba. Masana sun samu damar tsayawa gabansa suna waiwayar sauran. Ba wasa ba ne wannan, domin Holan ta taɓa jin kunya a kan Vermeer: Han van Meegeren ya ƙirƙiri na jabu ya ruɗi manyan masana, har ɗaya ya shiga hannun Hermann Göring, na hannun daman Hitler, kafin a yanke masa hukunci a 1947.

In ka tambaye ni wanda ya fi tsaya mini a rai a shekarar, ba mai dogon layin ba ne. Wani ɗan matsakaici ne da Metropolitan ya yi daga Afrilu zuwa Yuli a kan Juan de Pareja. An daɗe da sanin fuskarsa, domin Diego Velázquez, babban mai zanen fadar Sifaniya, ya zana shi a Roma a 1650, kuma gidan ya sayi zanen a farkon shekarun 1970 a kan kuɗin da ba a taɓa biya wa wani zane a gwanjo ba a lokacin. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, Pareja bawan Velázquez ne, mai jinin Afirka, wanda ya yi shekaru yana niƙa masa launi. A shekarar da aka zana shi aka rubuta takardar 'yanta shi, da sharaɗin ya ƙara bauta ta shekara huɗu. Daga baya ya zama mai zane da sunansa a Madrid. Baje kolin ya kawo ayyukansa na kansa, har da babban zanensa na 1661 daga gidan Prado, inda ya saka kansa a gefe yana riƙe da takarda mai ɗauke da sunansa. Tsofaffin gwanayen Turai ba su kaɗai suke a ɗakunan aikinsu ba, kuma sai an shirya irin wannan ake ganin sauran hannuwan.

Yanzu hoton kyamara. An sanar da fasahar a Paris a 1839, kuma gardamar da ka kawo tun lokacin ake yinta: na'ura ce ta yi, ina aikin mutum? Gidan MoMA na New York ya buɗe sashen hoto a 1940, amma hoto mai launi sai a 1976 ya samu irin wannan karɓuwa a can, da baje kolin William Eggleston, kuma 'yan jarida sun yi masa ba'a sosai. Yau maganar ta mutu a kasuwa, tunda a 2022 an sayar da hoto ɗaya na Man Ray dala miliyan 12.4. Ni dai ba farashi ne hujjata ba. Mai ɗaukar hoto yana zaɓar inda zai tsaya, da hasken da zai jira, da abin da zai bari a waje, da ƙiftawar idon da zai danna. Waɗannan su ne shawarwarin da Vermeer ke yankewa a gaban tagarsa. Bambancin shi ne ɗaya yana gina hoton a wata da watanni, ɗayan yana farautarsa.

Ka dubi Seydou Keïta na Bamako, wanda ya buɗe shagon hoto a 1948. Mutanen gari yake ɗauka, mata da adonsu, samari da rediyo ko babur, a gaban zanen gado mai fure da ya rataya. Ƙananan hotuna yake wanke musu su kai gida. A 1991 aka nuna wasu a New York an rubuta cewa ba a san mai ɗaukarsu ba, sai da aka bi sawu har Bamako aka same shi da ransa da dubban fim ɗin da ake wanke hotunansa daga ciki a ajiye. A 2016 Grand Palais na Paris ya cika ɗakunansa da aikinsa. Ɗan garinsu Malick Sidibé kuma ya karɓi lambar Zakin Zinariya ta babban baje kolin Venice a 2007. Sai dai ka lura da wani abu da ya keɓanta da hoto: manyan da ake ratayewa a Turai sabon wanki ne da aka faɗaɗa, ba ƙananan da masu su suka riƙe a hannu ba. Shi ya sa a baje kolin hoto ake rubuta shekara biyu, ta ɗauka da ta wanki, kuma tsohon wanki ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wannan ne kuma ya sa hoto yake da sauƙin shiryawa: in mai shi yana raye ana iya wanke kwafi na musamman domin baje kolin, ba ɗan rakiya, ba inshorar miliyoyi. Illar ita ce wasu gidajen sun mayar da hoto abin cike gurbi tsakanin manyan baje koli biyu, kuma ana ganewa daga yadda aka jera shi. A 2023 akwai waɗanda suka ba shi haƙƙinsa. Gidan Victoria and Albert na Landan ya kammala cibiyarsa ta hoto a watan Mayu, Tate Modern kuma ya buɗe baje kolin masu hoto na Afirka su 36 a watan Yuli. A cikinsu akwai George Osodi na Najeriya da jerin hotunansa na sarakunan ƙasar, jerin da ya taɓa ɗaukar marigayi Sarkin Kano Ado Bayero a cikinsa. Tunda daga Zariya kake, ka sani kuma cewa a Oktoban 2025 Tate Modern ɗin ya buɗe baje kolin fasahar zamani ta Najeriya, da ayyukan ƙungiyar ɗaliban zane da aka kafa a garinku a 1958, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya, da tukwanen Ladi Kwali.

Batun waya kuwa, ba zan raina ta ba. Rijksmuseum ya saka hotunan kayansa a intanet kyauta, da tsabtar da za ka faɗaɗa har ka ga tsagar fenti, kusancin da mai gadi ba zai bar ka ka yi a ɗakin ba. Ka yi amfani da su a aji. Abin da waya ke ɓatarwa shi ne girma da jiki. A fuskar waya komai tsawonsa ɗaya. Zanen Vermeer na mace mai saƙar leshi bai fi santimita 24 ba, kusan tafin hannu biyu, alhali babban zanen Rembrandt na 'yan sintirin Amsterdam ya haura mita uku da rabi a tsaye. Shuɗin da ke jikin mai madara dutsen lapis lazuli ne da aka haƙo a duwatsun Afghanistan aka niƙa, launi mafi tsada a zamanin, kuma yadda yake shan haske ya mayar ba irin na fitilar waya ba ne. Ɓawon burodin da ke kan teburinta ɗige-ɗigen fenti ne masu tudu, in ka matsa gefe sai su canja. Gani ya kori ji, amma in faɗi gaskiya, wani kaso na masu layin sun je ne don a ce sun je, kuma a ɗakin da ya cika maƙil mutum ba ya samun minti biyu a gaban zane.

Game da naka baje kolin, ka fara da tambaya ɗaya, ko da ƙarama ce, kamar ƙofofin gidajen Zariya ko hannuwan masu sana'a, ka sa masu fensir da masu fenti da masu ɗauka da waya su amsa ta tare. Ka rage yawa: aiki 20 da sarari a tsakaninsu ya fi 60 a cunkushe. Ka rataye su tsakiyarsu daidai idon ɗalibi, a bangon da rana ba ta dukansa kai tsaye, nesa da taga, musamman in lokacin hunturu ne da ƙura. Kada salatif ya taɓa fuskar aikin ko kusurwarsa, domin yana barin tabon da ba ya fita; a ɗora a kan kwali a maƙale ta baya. Kowane aiki a rubuta masa sunan mai shi, da abin da aka yi shi da shi, da shekara. In za ka aro tsofaffin hotunan situdiyo daga gidajen iyayen yara, wanda zai ƙara wa taron armashi ƙwarai, ka buɗe littafi ka rubuta na wane ne, ka ɗauki hoton gabansa da bayansa ranar da aka kawo, a gaban mai shi, ya sa hannu. Sannan ka kai a yi maka kwafi mai kyau ka rataye kwafin, na ainihin kuma ka sa a ambulan ka mayar wa masu shi a cikin makon.